Bayan gidan jariri mai shan nono: yadda za ki gane na lafiya da mai tauri, da abin da za ki yi

Jaririn da nono zalla yake sha da wuya kashinsa ya yi tauri. Yawancin jariran da ake cewa cikinsu ya ɗaure lafiyarsu ƙalau, kuma sau da yawa abin da aka ɗura musu da sunan magani shi yake kawo cutar da babu ita tun farko. Abu uku ake dubawa a tare: kwanakin yaron a duniya, laushin kashin idan ya fito, da yanayin jikinsa. Ƙirga kwanakin da ya yi bai yi bayan gida ba kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Ɗan wata uku ya yi kwana biyar bai yi ba, yana ta wasansa, wannan ba komai. Ɗan sati biyu kuwa idan ya wuni ya kwana bai yi ba, a ranar ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi.

Mataki na farko: ki fara da kwanakinsa

Kashin farko baƙi ne mai ɗan kore-kore, yana da danƙo kamar kwalta, kuma kusan ba ya wari. Abubuwan da suka taru a hanjinsa ne tun yana ciki: ruwan mahaifa da ya haɗiya, majinar hanji da ruwan maɗaciya. Mafi yawan jariran da suka cika watanninsu suna fitar da shi cikin awa 24, kusan dukansu kafin awa 48. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi yake turo wannan kashi waje, kuma fitarsa da wuri tana rage shawara, domin abin da yake sa ido da fata su yi rawaya ta kashi yake barin jiki. Ki riƙe lokacin da ya fito. Ko bayan watanni ne aka kai yaro asibiti a kan taurin bayan gida, tambayar farko da likita zai yi ke nan. Idan awa 48 ta cika bai yi ba, a kai shi a duba ko da yana kama nono sosai.

Rana ta uku zuwa ta huɗu kashin yana juyewa zuwa kore mai haɗe da ƙasa-ƙasa, danƙon ya ragu. Kafin rana ta biyar ta wuce ya zama rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, ruwa-ruwa, da 'yan gudaji ƙanana kamar ƙwayar riɗi, da ɗan tsami-tsamin wari mara tashi. Iyaye da yawa suna ganin wannan su ce gudawa ce. Haka kashin nono yake. Idan har rana ta biyar baƙin nan ne yake fitowa, alama ce nonon da yake shiga cikinsa bai isa ba.

Daga nan zuwa sati shida, ana so ya yi aƙalla sau biyu zuwa uku a wuni da kwana, kowanne ya kai faɗin zagayen da babban yatsa da manuni suke yi idan kika haɗa bakinsu. Ɗan ɗigon da ya ɓata ƙunzugu lokacin da ya yi tusa ba ya shiga lissafi. Wasu jariran suna yi bayan kowane shan nono, har sau takwas ko goma, saboda da zarar tumbi ya cika yana aika saƙo ga babban hanji ya motsa, kuma a ƙananan jarirai wannan motsi yana da ƙarfi.

A nan ne ake yawan yin kuskure mai tsada. Jaririn da bai kai sati shida ba idan kashinsa ya yi ƙaranci, abin da ya fi yawa shi ne bai samu isasshen nono ba, don haka babu abin da zai fito. Wanda aka ba shi maganin sakin ciki a wannan hali an bar shi da yunwarsa, an kuma ƙara masa rashin ruwa. Ga abin da za ki duba. Yana sha sau 8 zuwa 12 a awa 24? Daga rana ta shida, yana jiƙe ƙunzugu aƙalla shida da fitsari fari tas ko mai ɗan haske? Nauyinsa fa? Jariri yana ɗan ramewa a kwanakin farko, amma ramar kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa, kuma wajen sati biyu ya kamata ya koma inda yake, daga nan ya riƙa ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a sati a watannin farko.

Sai ki dubi yadda yake kama nonon. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nonon, kuma baƙin da ya kewaye kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Ki saurara: tsotso mai zurfi a hankali, ya ɗan tsaya, ki ji ƙut ya haɗiye. Idan kan nonon kawai yake tsotsa, kumatunsa suna lotsawa, ke kuma kina jin zafi har kan nonon yana tsagewa, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake ba shi. Mai yawan barci a tashe shi duk awa biyu zuwa uku, a rage masa kaya, a shafa tafin ƙafarsa. Idan tsotson ya yi sanyi ki matsa nonon da hannu a hankali ki riƙe, zai farfaɗo ya ci gaba da haɗiya. Yawanci da an gyara kamun, cikin kwana ɗaya ko biyu kashi yake dawowa.

Bayan sati shida labari ya canza. Dakashin da yake sakin ciki ya ƙare a cikin nonon, hanjin yaro ya ƙara ƙwari, kuma jiki yana tsotse kusan duk abin da ke cikin nono, saura kaɗan ne yake taruwa. Sai ki ga yaron da jiya-jiya yake ɓata ƙunzugu biyar ya koma sau ɗaya a kwana uku, wani sau ɗaya a sati, wani ma ya haura haka. Ranar da zai yi kuwa sai ya cika ƙunzugu har gadon baya, kashin kuma da laushinsa. Muddin yana shan nono da kyau, yana fitsari, yana tusa, cikinsa da laushi, nauyinsa yana hawa, babu abin da za a yi masa. Idan ya wuce sati guda, babu laifi a kai shi a taɓa cikin a auna nauyi don hankali ya kwanta, amma kada a ba shi komai kafin nan.

Mataki na biyu: ki dubi kashin kansa

Taurin bayan gida na gaskiya a ƙunzugu ake ganinsa. Kashin yana fitowa a bushe, ƙulu-ƙulu kamar na awaki, ko dunƙule guda mai kauri da za ki iya ɗauka da takarda bai shafe ba. Yaron yana ƙwalla ƙara lokacin da yake fitowa, wani lokaci ki ga zaren jini ja a jikin kashin, saboda ya tsaga fatar bakin dubura. Kashin da ya fito kamar kunun da ya yi kauri ko kamar man shafawa, ko bayan kwana nawa ne, ba mai tauri ba ne.

Launi ma yana magana. Rawaya, kore da ƙasa-ƙasa duk na lafiya ne. Kore mai kumfa yana yawan zuwa idan nono ya yi wa uwa yawa, yaro yana cika cikinsa da na farko mai ruwa-ruwa kafin ya kai ga mai maiƙo. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya har ya saki da kansa kafin ki juya shi. Ɗigon maganin ƙarin jini yana sa kashi ya yi duhu. Uwar da kan nononta ya tsage, yaro yana iya haɗiye ɗan jini, a ga baƙaƙen ɗigo a kashinsa. Launi uku ne ba a jira da su: ja mai yawa, baƙi ƙirin bayan kwanakin farko sun wuce, da fari ko toka-toka kamar alli. Farin nan musamman, idan ya haɗu da shawarar da ta haura sati biyu da fitsari mai duhu, yana iya nuna toshewar hanyar maɗaciya daga hanta, kuma aikin da ake yi mata ya fi nasara idan an yi shi kafin yaro ya cika wata biyu.

Mataki na uku: ki rarrabe nishi da tauri

Ga jariri kwance, ya ɗaga ƙafafu, ya dunƙule hannu, fuskarsa ta yi jawur, yana nishi yana kuka minti goma ko ashirin. Duk wanda ya gani zai rantse cikinsa ya ɗaure. Can sai kashi ya fito, ruwa-ruwa, rawaya, yaron ya yi shiru kamar ba shi ba. Wannan hali sananne ne, har ƙa'idojin Rome IV da masana cututtukan ciki suka fitar a 2016 sun ware masa bayani, ga jariran da ba su kai wata tara ba.

Dalilinsa shi ne bayan gida aiki biyu ne a lokaci guda: a matsa da tsokar ciki, a kuma saki tsokar da ta riƙe dubura. Babba yana yin haka ba tare da tunani ba, ga shi a tsugune, nauyin jiki yana taimaka masa. Jariri yana kwance, tsokar cikinsa ba ta yi ƙarfi ba, kuma idan ya matsa sama sai ya matse ƙasa. Kukan da yake yi ma wata hanya ce ta ƙara matsi a cikin. Cikin 'yan makonni yake koya da kansa. Abin da za ki iya yi masa shi ne ki lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa cikinsa ki riƙe, ko ki jingina bayansa a ƙirjinki ki tallafi cinyoyinsa ya zama kamar a tsugune. Kada a riƙa sosa masa dubura da auduga ko ma'aunin zafi don kashi ya fito. Zai fito ɗin, amma an katse masa koyo, kuma fatar wurin ba ta da wuyar tsagewa.

Mataki na huɗu: alamomin da ba a kwana da su a gida

Amai kore, launin ganye, a jariri kowane iri ne, a tafi asibiti nan take, domin yana iya zama hanji ya toshe ko ya murɗe. Tumbuɗin nono fari daban ne. A kuma tafi nan take idan ciki ya kumbura ya yi tauri yana ƙyalli, yaro ba ya tusa, ya ƙi nono. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jaririn da bai cika wata uku ba shi ma na gaggawa ne. Alamomin bushewar jiki: maɗiga ta lotsa, baki ya bushe, fitsari ya ragu ya yi duhu, yaro ya yi laƙwas da wuyar tashi. Sai kuma kuka mai tsanani da yake zuwa ya lafa ya dawo, yaro yana tattaro ƙafafu yana yin fari fat, daga baya kashi mai jini da majina ya biyo. Wannan yana faruwa idan wani sashen hanji ya shige cikin wani, kuma an fi ganinsa daga wata uku zuwa sama.

Akwai cututtukan da taurin ciki yake zama alamarsu ta farko, shi ya sa likita yake ɗaukar tauri na gaske a ƙaramin jariri mai shan nono zalla da muhimmanci. Ɗaya ita ce cutar Hirschsprung, wadda ta samo suna daga likitan yara ɗan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, da ya yi bayaninta a 1886. Ana haifar yaro babu ƙwayoyin jijiya a ƙarshen babban hanjinsa, sai wurin ya matse ya ƙi saki, kashi ya taru a samansa. Tana samun kimanin jariri ɗaya cikin 5,000, ta fi yawa a maza, kuma alamarta jinkirin kashin farko, kumburin ciki da rashin ƙiba. Aiki ake yi a cire sashen da ba ya motsi. Ta biyu ƙarancin sinadarin tayirod, wanda ƙullin gaban wuya yake samarwa: yaro mai yawan barci, ba ya son tsotso, shawara ta daɗe, harshe ya yi girma, cibiya ta turo, murya ta dushe. Gwajin jini ne yake nunawa, maganinsa ƙwaya ce kullum, kuma fara shi da wuri yana kare ƙwaƙwalwar yaro. Akwai kuma wanda aka haifa duburarsa ta yi ƙunci ko ba ta daidai wurinta, kashinsa yana fitowa siriri kamar zare. Rami mai zurfi, ƙullutu ko tsiron gashi a ƙasan gadon baya, musamman idan ƙafafu ba su da ƙarfi, shi ma a nuna wa likita.

Mataki na biyar: ki nemo abin da ya canza

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan, kashin kuma da gaske ya yi tauri, ki tambayi kanki me ya shiga bakin yaron ban da nono. Mafi yawan lokuta amsar tana nan. Madarar gwangwani, ko sau ɗaya ne a rana, tana sa kashi ya yi kauri ya ƙara wari. Idan an cika gari aka rage ruwa kuwa, tauri ya tabbata. Ruwa ake fara aunawa a kwalba, sannan a zuba gari da ludayin da ya zo a cikin gwangwanin, a share bakinsa daidai ba tare da an danna ba, gwargwadon yadda aka rubuta a jiki. Ludayin wani kamfani ba ya aiki a gwangwanin wani. Abinci kafin wata shida shi ma yana ɗaure ciki, haka zazzaɓi ko mura da suka rage wa yaro shan nono.

Wasu jariran jikinsu ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu, ko ta gwangwani ko wadda ta ratso ta nonon uwa. Alamarta majina da ɗigon jini a kashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi, yawan amai, wani lokaci da tauri. Likita yana iya cewa uwa ta bar madara da duk abin da aka yi da ita na sati biyu zuwa huɗu a gani. Kada ki fara yanke wa kanki abinci haka kawai. Taurin cikin uwa ba ya bin nono ya kama yaro, kuma ganye ko 'ya'yan itacen da ta ci nata cikin suke gyarawa. Nonon kuma ba a dakatar da shi. Babu abin da ya kai shi tausasa kashi.

Mataki na shida: abin da za ki yi a gida kafin wata shida

Ki ƙara yawan ba shi nono, dare da rana. Idan ana haɗa masa da madara, ki fara ba shi nono kafin kwalba.

Sai tausar ciki. Ki jira kamar minti 30 zuwa 45 bayan ya sha, kuma cibiya ta riga ta warke. Ki kwantar da shi rigingine a kan abu mai laushi a ɗaki mai ɗumi, ki cire zobe, ki murza tafukanki su yi ɗumi, ki shafa ɗan mai mara ƙamshi. Babban hanji yana tasowa ne daga ƙasan cikin ta dama, ya hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ratsa ta saman cibiya zuwa hagu, sannan ya gangara zuwa dubura. Wannan hanya za ki bi da yatsu biyu ko uku: daga damansa ƙasa, sama, tsallake, ki gangaro ta hagunsa. Idan kina fuskantarsa, hannunki yana tafiya yadda hannun agogo yake juyawa. Matsin kada ya wuce wanda za ki iya yi wa fatar idonki a rufe ba tare da kin ji ciwo ba. Zagaye goma zuwa goma sha biyar ya isa. Daga nan ki kama ƙwaurinsa ki riƙa juya ƙafafun a hankali kamar mai tuƙa keke na minti ɗaya ko biyu, sannan ki haɗa gwiwoyin biyu ki danna su kan cikinsa, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau da yawa a nan za ki ji tusa ta fita, ki ga jikinsa ya saki. Ki maimaita sau biyu ko uku a rana. Idan ya sandare yana kuka da kin taɓa cikin, ki daina, wannan ciwo ne da yake buƙatar a duba.

Wanka da ruwa mai ɗumi kamar zafin jiki, wajen digiri 37, yana sassauta tsokar dubura. Ki gwada ruwan da gwiwar hannunki. Kifa shi a kan cikinsa na 'yan mintuna yana ƙara wa tsokar ciki ƙarfi, amma sai idonsa biyu kuma kina wurin. Barci a rigingine yake yi. Idan akwai tsagewa a bakin dubura, a wanke da ruwan ɗumi maimakon goga, a tsane a hankali, a shafa baselin a waje bayan kowane canjin ƙunzugu. Da kashi ya yi laushi take warkewa.

Abin da ya kamata ya yi nesa da bakin yaro

Ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ƙara yana cika ƙaramin tumbinsa ya rage shan nono, yana iya shigo da ƙwayoyin gudawa, kuma idan ya yi yawa yana tsinka gishirin jininsa har ya yi jijjiga, domin ƙodarsa ba ta iya fitar da shi da sauri. Ruwan sukari ma haka.

Zuma kada ta taɓa bakinsa kafin shekara ɗaya. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim, wadda take tsiro a hanjin jariri ta saki dafin da yake shanye tsoka. Abin takaici, alamarta ta farko ita ce taurin cikin da aka bayar da zumar dominsa, sai tsotso ya yi rauni, kuka ya yi ƙasa, fatar ido ta sauka, wuya ya kasa riƙe kai.

Man farafin da man zurman ba na jarirai ba ne. Farafin idan ya kuskure ya bi hanyar numfashi yana zama a huhu ya haddasa ciwo mai wuyar magani, shi kuma man zurman yana murɗa ciki ya zubar da ruwan jiki. Jiƙe-jiƙen ganye da sassaƙe ba a san ƙarfinsu ba, hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba. Sabulu da ake cusawa a dubura yana ƙona fatar cikin duburar. Ɗura ruwa ta dubura yana iya huda hanji, kuma irin na kanti mai sinadarin fosfet yana da haɗari ƙwarai ga yaron da bai kai shekara biyu ba.

Mataki na bakwai: idan ya fara cin abinci

A nan ne taurin gaske ya fi bayyana. Daga wata shida, da an fara abinci, kashi yana ƙara kauri da duhu da wari, ki riƙa ganin ɓurɓushin abin da ya ci. Wannan daidai ne. Matsalar tana zuwa ne idan abincin ya zama garin shinkafa ko tacaccen gari kullum, ko ayabar da ba ta nuna sosai ba, nono kuma aka janye shi da sauri.

Ki bar nono a matsayinsa, musamman kafin shekara ɗaya. Yanzu ya halatta a ba shi ruwa mai tsabta a kofi, kurɓi-kurɓi lokacin cin abinci, jimilla kimanin mililita 120 zuwa 240 a rana. Ki sauya tacaccen gari da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Ki shigo da kayan lambu da aka dafa aka murƙushe, irin su kabewa, alayyafo da wake, da nunannun 'ya'yan itace irin su gwanda da mangwaro, cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana. Busasshen ɗan itacen da ake kira fulam (prune a Turance) da aka jiƙa aka niƙa ya yi suna a wannan aiki, saboda yana ɗauke da wani sukari mai suna sobitol wanda hanji ba ya tsotsewa sosai, sai ya jawo ruwa cikin kashi. Ruwan tuffa ma yana da shi. A ba shi mililita 30 zuwa 60 na ruwan tuffar a rana, a haɗa da ruwa daidai da shi, na 'yan kwanaki kawai, da kashi ya yi laushi a daina. Ɗan cokalin mai a cikin abincinsa yana taimakawa. Madarar shanu a matsayin abin sha sai bayan shekara ɗaya.

Kada a yi sakaci da tauri a wannan lokaci. Yaron da kashi ya tsaga shi sau ɗaya yana tunawa. Gobe idan ya ji yana zuwa sai ya miƙe ƙafafu ya matse ɗuwawu ya riƙe. Iyaye suna ɗauka yunƙuri yake yi, alhali hanawa yake. Kashin ya daɗe a hanji, hanji ya ƙara tsotse ruwansa, ya fito da tauri fiye da na jiya. Da wuri ake katse wannan.

Mataki na takwas: magani daga hannun likita

Idan an gyara abinci kwana uku zuwa biyar babu sauyi, ko jini yana maimaituwa, ko yaron bai kai wata shida ba, a je asibiti. Maganin da aka fi ba jarirai shi ne laktulos, ruwa ne mai zaƙi da yake riƙe ruwa a cikin kashi. Ga ɗan wata ɗaya zuwa goma sha ɗaya ana yawan farawa da mililita 2.5 sau biyu a rana, likita ya ƙara ko ya rage gwargwadon yadda kashin ya fito. Yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya fara aiki, kuma yana sa tusa da ɗan kumburi a farko, don haka kada a ninka shi don an ga shiru a rana ta farko. A auna da sirinjin magani, cokalin gida ba shi da tabbas. Akwai kuma garin makrogol da ake damawa da ruwa, wanda aka fi bai wa waɗanda suka fara cin abinci. Matsin gilisarin na jarirai, wanda ake sakawa a dubura, yana fitar da dunƙulen da ya tokare a bakin dubura cikin ƙasa da awa ɗaya, amma na lokaci-lokaci ne bisa umarnin likita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dakatar da magani ranar da kashi mai laushi ya fito. Hanjin da ya daɗe a cike ya buɗe, yana buƙatar makonni kafin ya koma daidai, tsagewar ma tana buƙatar lokaci. A ci gaba har sai likita ya ce a fara ragewa, kuma a hankali ake janyewa. Kafin ki koma asibiti, ki rubuta ranakun da ya yi bayan gida da yadda kowanne ya fito, yawan ƙunzugun fitsari, da duk abin da aka ba shi ta baki ko ta dubura ba tare da ɓoye komai ba. Ki tafi da katin awon nauyinsa, ki kuma ɗauki hoton ƙunzugun a waya cikin hasken rana, domin hasken fitila yana sauya launin kashi.